ƘARAMAR MADATSAR ƘASA BA ABAR RAINAWA BA CE

A ƙasashe da yawa na duniya akan tare rafi ko ƙorama da tudun ƙasa, ruwa ya kwanta a bayansa ya zama tafki, jama'a su riƙa zuwa bakinsa shan iska da kamun kifi da tuƙa kwalekwale. Wannan tudu shi ne madatsar ƙasa, wadda mutanen yanzu ke kira dam. A Amurka kaɗai Gwamnati ta rubuta madatsun ruwa fiye da 90,000 a littafinta. Yawancinsu da ƙasa aka gina su, fiye da rabinsu kuwa ba na hukuma ba ne, na ɗaiɗaikun mutane ne da ƙungiyoyi da makarantu da kamfanoni. Cikin dukan dalilan da suka sa ake riƙe da su, babu wanda ya kai shaƙatawa yawa.

Manyan madatsu masu ba da wutar lantarki ko ruwan sha ga birane suna da injiniyoyinsu da masu tsaronsu dare da rana, domin kuɗi suke kawowa, ba kuwa mai sakaci da saniyar da yake tatsa. Ƙananan da aka ajiye don jin daɗi su ne marayu. Ba su kawo ko kwabo, saboda haka ba mai son kashe musu ko kwabo. Abin da muke so mu nuna wa masu karatu yau shi ne, irin wannan madatsa takan kashe mutane kamar yadda babba ke yi, amma da wuya ta yi hakanan ba tare da ta daɗe tana nuna alamu ba, alamun da mutum mai ido da kula zai iya gani ko da bai yi karatun injiniya ba.

DAREN TOCCOA

A arewa maso gabashin Jihar Jojiya ta Amurka akwai wani ƙaramin gari da ake kira Toccoa. Kusa da shi akwai wani rafi wanda ruwansa ke faɗowa daga kan dutse mai tsawon ƙafa 186, a gindin dutsen kuma, cikin kwari, akwai wata kwalejin koyar da addinin Kirista. A shekarar 1899 aka tare rafin nan daga sama da katakai da duwatsu domin a sami ruwan juya ɗan injin lantarki. Wajen 1937 sai makarantar ta jibga ƙasa a kan tsohon ginin don ta ƙara yawan ruwa, bayan Yaƙin Duniya na Biyu kuma aka sake ƙara masa tsawo. Da aka gama, madatsar ta kai kimanin ƙafa 40 a tsaye, ƙafa 400 a kwance, faɗin doronta ƙafa 20, tafkin da ke bayanta kuwa ya mamaye kimanin eka 40. Aka sa mata suna Kelly Barnes.

A 1957 aka daina yin lantarki da ruwanta. Daga nan tafkin ya zama wurin shaƙatawa kurum, ya zauna a haka shekara 20. Itatuwa suka tsiro a jikin madatsar suka girma, kurmi ya rufe bayanta, tsofaffin bututun ƙarfe da ke binne a cikinta suka yi ta cin tsatsa.

A farkon watan Nuwamba na 1977 aka yi kwanaki ana ruwa a yankin, har abin da ya zuba ya kai wajen inci 7, kusan rabinsa a daren Asabar kaɗai. Wajen ƙarfe ɗaya da rabi na dare, wayewar garin Lahadi 6 ga wata, madatsar ta ɓalle. Ruwan ya kwaso itatuwa da duwatsu da laka, ya faɗo daga kan dutsen nan, ya auka wa kwarin da mutane ke barci. Ya bi ta ɗakunan kwanan ɗalibai, ya share gidajen da ɗalibai masu aure ke zaune da iyalinsu. Cikin 'yan mintoci mutum 39 suka rasa rayukansu, da yawa daga cikinsu ƙananan yara. An ƙiyasta hasarar dukiya ta kai dala miliyan 2 da dubu 800. Har yau ba a sake gina madatsar ba.

ABIN DA MASU BINCIKE SUKA TARAR

Gwamnan Jihar ya roƙi Gwamnatin Tarayya ta aiko da masana, aka kafa kwamitin bincike, ya ba da rahotonsa a watan Disamba na shekarar. Masanan ba su iya ɗora laifin a kan abu guda ba, domin ruwa ya tafi da mafi yawan shaidar. Amma abubuwan da suka lissafa sun isa darasi.

Sun tarar bayan madatsar ya cika miƙewa tsaye. A wasu wurare in an hau ƙafa ɗaya sama, ƙafa ɗaya kurum aka matsa gaba, alhali masu gini na yanzu sun fi son a matsa ƙafa 2 da rabi ko 3, don ƙasa ta zauna da gindinta. Sun tarar manyan itatuwa sun kafa saiwoyi cikin jikinta. Sun ji daga bakin waɗanda suka san wurin cewa an daɗe ana ganin ruwa yana tsattsafowa kusa da inda bututu ya fito. Sun kuma sami hotunan da aka ɗauka a 1973, waɗanda suka nuna wani yanki na bayan madatsar ya riga ya zaftare, shekara 4 kafin masifar. Babu kuma wata takardar zane da ta nuna yadda aka gina ta, balle a san irin ƙasar da ke cikinta.

Abin lura a nan shi ne, ba su sami shaidar cewa ruwa ya haura doron madatsar ba. Watau ba yawan ruwan sama kaɗai ya ci ta ba. Ruwan ya tarar da gini wanda ya daɗe da rauni ne, ya ƙarasa shi. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga.

TAFKIN ATTAJIRAI

Kada wani ya ce rashin kuɗi ne kaɗai ke kawo wannan. Shekara 88 kafin abin da ya faru a Toccoa, Amurka ta ga masifar da ta fi wannan nesa ba kusa ba, masu madatsar kuwa suna cikin manyan attajiran duniya na zamaninsu.

Gwamnatin Jihar Pennsylvania ce ta gina madatsar South Fork, aka gama ta wajen 1853, domin ta riƙa ba da ruwa ga wata hanyar jiragen ruwa da aka haƙa. Tsawonta ƙafa 72 ne. Da jirgin ƙasa ya zo, hanyar ruwan ta mutu, aka yi watsi da madatsar, har ta fashe a 1862 lokacin da ruwanta ba shi da yawa. Daga baya aka cire bututun ƙarfe 5 da ke gindinta, waɗanda da su ake rage ruwa, aka sayar da su a matsayin tsohon ƙarfe. A 1879 wata ƙungiyar kamun kifi da farauta ta saye wurin, cikin 'ya'yanta har da Andrew Carnegie da Henry Clay Frick da Andrew Mellon, manyan masu arzikin birnin Pittsburgh.

Ƙungiyar ta toshe ɓarakar da ƙasa da duwatsu da rassan itace da ciyawa, ba ta mayar da bututun ba. Ta rage tsawon doron da ƙafa 2 ko 3 domin hanya ta yi faɗi kekunan doki su riƙa wucewa. Ta kuma gitta raga a bakin mafitar ruwa don kada kifayen da ta zuba su tsere. Kowane ɗaya cikin ukun nan an yi shi ne don jin daɗin baƙi, kowannensu kuwa ya rage wa madatsar ƙarfi.

Ran 31 ga Mayu 1889, bayan ruwa kamar da bakin ƙwarya, tarkace ya taru a jikin ragar ya toshe mafita. Ma'aikata suka yi ta fama, wasu na ƙoƙarin cire ragar, wasu na ƙara ƙasa a doro, amma ba hanyar rage ruwa. Aka buga waya zuwa garuruwan da ke ƙasa, mutane da yawa ba su kula ba, domin sun sha jin irin wannan gargaɗi ba abin da ya faru. Jim kaɗan bayan ƙarfe uku na yamma ruwa ya ci doron ya wuce. Cikin kusan awa ɗaya ya isa garin Johnstown, mil 14 daga wurin. Mutum fiye da 2,200 suka hallaka. An kai ƙara kotu, amma ba a sami ƙungiyar da laifin da zai sa ta biya diyya ba.

YADDA RUWA KE CIN MADATSA

Domin mu gane aikin da ya wajaba a kan mai madatsa, sai mu fara sanin yadda take riƙe ruwa. Madatsar kirki ba tarin ƙasa ba ce kawai. Akan share wurin a cire ciyawa da saiwoyi, a haƙa rami a tsakiya har a kai ga ƙasa mai tauri, sa'an nan a riƙa zuba yumɓu kaɗan-kaɗan, ana yayyafa ruwa ana daɓewa, shimfiɗa bisa shimfiɗa, har a kai tsawon da ake so. A gefe guda akan yanka wata hanya mai faɗi, ƙasa da doro, wadda rarar ruwa za ta bi idan tafki ya cika. Ita ce mafita. A gindi kuma akan binne bututu mai ƙofa, wanda za a buɗe in ana so a rage ruwa.

Nauyin da wannan tudu ke tarewa ba kaɗan ba ne. Ruwan da ya rufe eka ɗaya zurfin ƙafa ɗaya ya haura tan 1,200. Ashe ke nan ɗan tafkin da bai wuce eka 10 ba, in zurfinsa ya kai ƙafa 10, ya fi tan 120,000. Wannan shi ne abin da ke kwance a saman kawunan mutanen kwari, suna kallonsa suna cewa ɗan kududdufi ne.

Ta hanya uku ruwa ya fi cin madatsar ƙasa. Ta fari ita ce ya haura doro. Siminti yakan jure wannan, ƙasa kuwa ba ta jurewa. Da zarar ruwa ya fara kwarara ta bayanta sai ya yanka kwazazzabo, kwazazzabon ya riƙa cin baya-baya har ya isa tafki. Masana a Amurka sun ƙiyasta kusan kashi ɗaya cikin uku na madatsun da suka fashe a ƙasarsu ta haka suka tafi, dalili kuwa ko mafita ta yi ƙanƙanta, ko ta toshe, ko doro ya lotsa a wani wuri.

Ta biyu ita ce ya ci ta daga ciki, wannan kuwa ita ce mafi makirci. Babu madatsar ƙasar da ruwa ba ya ratsawa kaɗan, wannan ba abin tsoro ba ne muddin yana fita a hankali kuma garau. Amma in ya sami hanya mai sauƙi, kamar ramin dabba, ko gurbin saiwar da ta ruɓe, ko gefen bututun da ba a daɓe ƙasarsa sosai ba, sai ya fara ɗaukar ƙwayoyin ƙasa yana fita da su. Ramin ya riƙa faɗi yana tafiya wajen tafki, daga waje kuwa ba a ganin kome sai ɗan danshi. Ranar da ya haɗu da tafki, sauran aikin na awa kaɗan ne.

Ta uku ita ce zaftarewa. Idan ƙasa ta sha ruwa ta ƙoshi, nauyinta ya ƙaru, ƙarfinta ya ragu, sai wani yanki ya sulale ya gangara, musamman in bayan madatsar ya cika miƙewa. Abin da ya saura sai ya zama siriri, ya kasa riƙe ruwan.

AIKIN MAI MADATSA

To, mene ne magani? Mafi yawansa ba ya bukatar kuɗi masu yawa. Yana bukatar mutum guda wanda aka ce wannan aikinka ne, da littafi, da adda, da ƙafafun yawo.

Na fari, kada a bar itace ya tsiro a jikin madatsa, ko a doronta, ko kusa da gindinta. Mutane suna tsammani saiwa tana riƙe ƙasa, a gona gaskiya ne, a madatsa kuwa akasin haka ne. Saiwa takan bi danshi ta ratsa jikin ginin, in itacen ya mutu ta ruɓe ta bar wa ruwa hanya. In kuwa iska ta tumɓuke shi, sai ya tafi da guntun madatsar. Ƙananan itatuwa a sare su tun suna ƙanana. Wanda ya riga ya girma kada a sare shi a bar kututturen, sai a nemi injiniya, a rage ruwa, a tono saiwoyin, a cike gurbin da yumɓu a daɓe. Abin da ake so a jikin madatsa shi ne gajeriyar ciyawa mai shimfiɗa irin ƙiri-ƙiri, wadda za ta hana ruwan sama zaizaye ƙasa, a riƙa yanke ta don ido ya ga abin da ke ƙarƙashi. Madatsar da kurmi ya rufe, ko tana kuka ba mai ji.

Na biyu, a yi yaƙi da masu haƙa rami. A Amurka wasu dabbobin ruwa dangin gafiya su ne manyan abokan gaba. A ƙasashe masu zafi irin namu kuwa akwai gafiya da kurege da beguwa, ga kuma gara, wadda ke iya rarake cikin tudu ta bar shi kamar saƙar zuma. Duk ramin da aka gani a kori mai shi, a tone shi har ƙarshe, a cike. Hakanan kada a bar shanu su mai da jikin madatsa burtali, gama kofatonsu yana kashe ciyawa, sawunsu kuma shi ne farkon kwazazzabo.

Na uku, a kula da ruwan da ke tsattsafowa ta baya. A san wuraren da yake fita, a kafa musu alama. A riƙa tara shi a bokiti ana duban agogo, a rubuta minti nawa ya ɗauka kafin ya cika. A ɗebi kaɗan a kwalba a ajiye, a ga ko laka za ta kwanta. Idan yawansa ya ƙaru alhali ruwan tafki bai ƙaru ba, ko ya sauya daga garau ya koma gurɓatacce, ko aka ga yana ɓuɓɓugowa yana tara yashi kewaye da bakinsa, to madatsar tana zubar da kayan cikinta ne. Wannan ba abin da za a bari sai gobe ba ne. Masu ilmin abin ba su toshe irin wannan wuri da yumɓu, domin ruwan zai nemi wata ƙofa. Sukan shimfiɗa yashi da tsakuwa a kai, ruwa ya wuce, ƙasa ta tsaya.

Na huɗu, mafita ta zauna a buɗe kullum. Kada a gitta mata raga don kifi, kada a ɗora mata buhunan yashi ko katako don ruwa ya ƙara zurfi, kada a yi gini ko shuka a cikinta. Kafin damina a share ta, a kwashe itace da shara da kacala, bayan kowane babban ruwa kuma a koma a duba. Tazarar da ke tsakanin fuskar ruwa da doro ba asara ba ce, ita ce ajiyar ranar wahala. A tsibirin Kauai na Hawaii, ran 14 ga Maris 2006, tsohuwar madatsar Ka Loko ta fashe ta kashe mutum 7, bincike kuwa ya nuna an riga an cike mafitarta da ƙasa.

Na biyar, a riƙa motsa ƙofar bututun gindi, a buɗe a rufe, a sa mata mai, ko sau ɗaya ko sau biyu a shekara. Ƙofar da aka shekara goma ba a taɓa ba, ranar da ake bukatarta ba za ta buɗu ba. Bututun ƙarfe kuma yana da iyakar kwanansa, in ya huje sai ƙasa ta riƙa zubawa ciki ruwa yana tafiya da ita. In za a rage ruwa ba don gaggawa ba, a rage shi sannu-sannu, gama in aka janye shi farat ɗaya, fuskar da ke kallon tafki, wadda ta sha ruwa ta ƙoshi, tana iya zaftarewa.

Na shida, a bi doro da ƙafa ana dubawa. Tsaga wadda ta bi tsawon madatsa alamar zaftarewa ce. Wadda ta gitta daga gaba zuwa baya ta fi haɗari, domin hanya ce ta ruwa. Wurin da ya lotsa ko ya burma yana nuna ƙasa ta fita daga ƙarƙashi. Inda igiyar ruwa ke dukan gaɓa a jera duwatsu. Duk abin da aka gani a rubuta da kwanan wata, a ɗauki hoto, domin canji shi ne babbar alama, ba kuwa mai gane canji sai wanda ya san yadda abu yake jiya. Bayan wannan duka, lalle ne injiniya masani ya zo lokaci-lokaci ya duba abin da idon mai gadi ba zai gani ba.

MUTANEN DA KE ƘASA

Hukumomin Amurka ba su auna haɗarin madatsa da girmanta kawai. Abin da suke tambaya shi ne, in ta fashe, wa ruwan zai tarar? Wadda ake zaton fashewarta za ta ci rai, ko da ƙarama ce, sai a sa ta a aji na sama, a tsananta mata sharuɗɗa. Ajin nan kuwa yakan sauya. Madatsar da aka gina a daji shekara 50 da suka wuce, yau gari ya iso gindinta, ita ba ta canja ba, amma abin da ke wuyanta ya canja. A watan Oktoba na 2015, da aka yi ruwa mai tsanani a Jihar Karolina ta Kudu, madatsu wajen 50 suka fashe, da dama daga cikinsu ƙananan tafkunan unguwa ne da ke jere a kan rafi guda, ta sama ta ɓalle ta tura wa ta ƙasa.

Saboda haka kowane mai madatsa yana bukatar shirin ko-ta-kwana a rubuce: wace alama ce za ta sa a yi shela, wa za a fara kira, waɗanne gidaje ne ruwa zai fara isa, ta wace hanya mutane za su bi zuwa tudu, wa zai ɗauki tsofaffi da marasa lafiya. Amfanin wannan ya bayyana a Jihar Michigan ran 19 ga Mayu 2020, sa'ad da madatsar Edenville, wadda tafkinta ya shahara wajen shaƙatawa, ta fashe, ruwanta ya haura ta Sanford da ke ƙasa da ita. Hukumomin yankin sun fara kwashe mutane tun daren da ya gabata. Mutum wajen 10,000 suka bar gidajensu, dukiya mai yawa ta salwanta, amma ba a rasa rai ko ɗaya ba. A Toccoa kuwa ruwa ne da kansa ya tashi mutane daga barci.

HANNUN HUKUMA

Doka takan biyo bayan makoki. A Birtaniya, bayan fashewar madatsu a Skelmorlie da Dolgarrog a 1925, Majalisa ta yi dokar 1930 wadda ta tilasta injiniya masani ya riƙa duba kowace babbar matarar ruwa, aƙalla sau ɗaya cikin shekara 10. Dokar 1975 ta gaje ta ta ƙara mata ƙarfi.

A Amurka an yi dokar duba madatsu tun 1972, bayan masifar Buffalo Creek wadda ta ci mutum 125, amma aikin dubawar bai kankama ba sai bayan Toccoa. Shugaban ƙasa na lokacin, Jimmy Carter, ɗan Jihar Jojiya ne, uwargidansa Rosalynn kuma ta je wurin da kanta ta yi wa mutane jaje. Sai ya umarci injiniyoyin soja su duba madatsun da ba na Gwamnatin Tarayya ba waɗanda ke da mutane a ƙarƙashinsu. Daga lokacin zuwa 1981 suka duba kimanin 8,800, suka tarar kusan kashi ɗaya cikin uku ba su da aminci. Jihar Jojiya ita ma ta kafa tata dokar a 1978. Duk da haka dokokin nan ba su ɗauke nauyi daga kan mai madatsa ba. Ma'aikacin Gwamnati yakan zo ya duba ya tafi, wanda ke kwana da ita shi ne mai ita.

MU MA A NAN GIDA

In gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa. Mutanen Kano ba su manta da madatsar Bagauda ba, wadda aka gina da ƙasa a zamanin Gwamna Audu Bako, har aka yi masaukin baƙi a bakin tafkinta mutane suna zuwa hutawa. A watan Agusta na 1988, bayan ruwa mai yawa, ta ɓalle ta yi ɓarna a gonaki da ƙauyuka. A watan Satumba na 2024 kuma ruwan madatsar Alau ya ɓalle ya mamaye babban yanki na birnin Maiduguri, shekara 30 bayan ambaliyar 1994. Waɗannan sanannu ne masu hukuma a kansu. Ƙananan da ke warwatse a ƙauyuka da gandun dabbobi da gonakin attajirai da wuraren shan iska fa, wa ke duba su?

Ƙasarmu tana da nata sharuɗɗan. Rani mai tsawo yakan busar da yumɓu ya tsattsage, sai ruwan farko na damina ya zo da ƙarfi ya tarar da ƙofofi a buɗe. Yashi da laka sukan cike tafki shekara bisa shekara, wurin ajiyar ruwa ya ragu, rara ta ƙaru a kan mafita. Wasu kuma sukan ɗebi ƙasa a gindin madatsa don yin tubali, ko su yi noma a jikinta. Saboda haka lokacin gyara a wurinmu shi ne bazara, kafin hadari ya fara haɗuwa. Kayan sammako da marece akan ɗaure shi.

Muna roƙon ƙananan hukumomi da hakimai da dagatai da masu unguwanni, kowa ya san madatsun da ke ƙasarsa, ya san mai kowace ɗaya, ya san wanda aka ɗora wa kula da ita. Muna jan kunnen masu tafkunan shaƙatawa su tuna cewa wanda ya tare ruwa a saman gidajen mutane ya ɗauki amanar rayukansu, ko ya sani ko bai sani ba. Wanda ba zai iya kula da madatsarsa ba, gara ya nemi masana su zubar da ruwan a hankali su buɗe wa rafi hanyarsa. Mutanen da ke zaune a kwari kuma kada su yi shiru. In kun ga itace ya girma a jikin madatsa, ko ruwa mai laka yana fita ta bayanta, ko an toshe mafita, ku kai magana wurin shugabanninku tun da sauran rana.

Allah ya ba mu damina mai albarka, ya kiyaye mu daga sharrin ruwa, amin.